Masu Zuwa Sararin Samaniya: Ƙirƙira Suke Yi Ko Da Tsohuwar Zuma Suke Magani?

Kwanakin baya na kai wayata gyara Farm Centre nan Kano, kyamarar baya ce ta daina ɗauka, in ka buɗe sai duhu kawai. Yaron da ke gyaran ya ɗumama bayan wayar ya ɓalle shi, ya sa 'yar matsefata ya zaro kyamarar ya ɗora min a tafin hannu, wallahi da kaɗan ta fi ƙwayar gyaɗa. Wani dattijo da ke zaune a benci yana jiran tasa wayar ya leƙo ya ce, "Ka ga wannan ɗan abin, yaro? Duk aikin NASA ne. Ba don Turawa sun je wata ba da yanzu ba mu da waya ba mu da komai." NASA dai ita ce hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. Mai gyaran bai ko ɗago ba ya ce, "Haba Baba, wace NASA kuma, ai duk kayan Caina ne. Su waɗancan ƙona kuɗi kawai suke yi a sama."

Musu ya kaure, ni kuma na tafi gida da maganar a raina, don na daɗe ina jin waɗannan ra'ayoyin biyu kuma kowanne ya riƙe wani ɓangare na gaskiya ya saki sauran. A kan ita kyamarar dai Baba ya fi kusa da gaskiya, zan zo kanta. Amma cewa duk fasahar zamani daga zuwa sama ta fito, wannan kam ba haka ba ne. Mafi yawan abin da ake ɗorawa a kan roka tsohon kaya ne da aka daɗe da saninsa, kuma da gangan suke zaɓensa. Inda shirye-shiryen sararin samaniya suka fi yi wa duniya amfani shi ne wajen zama kwastoma mai kuɗi mai tsananin tsirfa, wanda zai sayi abin da kowa ya ƙi saya saboda tsada, ya yi ta mayar da shi ana gyarawa har ya nuna.

Mu fara da ita rokar kanta. Makami ce. Ba don zuwa wata aka fara ƙera ta ba, don kashe mutane aka yi ta. V-2 ta Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu ita ce kakar su duka, kuma fursunoni aka tilasta wa ƙera ta a ramukan ƙarƙashin dutse, har ana ƙiyasta waɗanda suka mutu wajen ƙera ta sun fi waɗanda ta faɗa wa ta kashe yawa. Da yaƙi ya ƙare a 1945 Amurka ta kwashe Wernher von Braun, jagoran injiniyoyin da suka tsara V-2, da mutanensa sama da 100, Tarayyar Sobiyet ita ma ta kwashi abin da hannunta ya kai. Rokar R-7 da Sergei Korolev na Sobiyet ya harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko, da ita ran 4 ga Oktoba 1957, makami mai linzami ce da aka yi don kai bam ɗin nukiliya daga nahiya zuwa nahiya, aka cire bam aka sa tauraron ɗan Adam. 'Yar'uwarta ce ta ɗauki Yuri Gagarin, mutum na farko da ya je sararin samaniya, a Afrilun 1961, kuma rokar Soyuz da ke kai mutane tashar sararin samaniya har yau daga gidan nan ta fito, in ka dubi hotonta da na R-7 za ka ga kamar uwa da 'ya. Amurka ma haka, cikin 'yan sama jannatinta na farko Alan Shepard a kan Redstone ya hau, John Glenn a kan Atlas, duk makaman soja ne aka yi wa kwaskwarima.

Tafiyar Glenn ɗin nan ta 20 ga Fabrairu 1962 tana burge ni saboda ta shafe mu kai tsaye. A cikin tashoshin da NASA ta kafa a faɗin duniya don bin diddigin kumbon, ɗaya a Kano take. Da ya zo wucewa ta saman Afirka ya shaida wa mutanen tashar Kano cewa yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa, su kuma suka ce masa ai iska ta yi kusan mako guda tana kaɗawa da ƙarfi. Fabrairu ne fa, duk wanda ya san hunturunmu ya san abin da mutumin ya gani. Kuma kyamarar da ya ɗauki hotuna da ita a wannan tafiyar, a wani kanti ya saye ta a garin Cocoa Beach kan dala 40, injiniyoyi suka ɗan maƙala mata mariƙi don ya iya latsa ta da safar hannu mai kauri. Agogon Omega da 'yan sama jannatin Apollo, shirin Amurka na zuwa wata, suka ɗaura shi ma yana kasuwa tun 1957, don masu tseren mota aka yi shi, NASA gwada shi kawai ta yi da zafi da sanyi da jijjiga ta ga bai tsaya ba.

Sai kuma jerin abubuwan da ake yawan jingina wa NASA alhali ba ita ta yi ba. Velcro, maɗaurin takalmin yaran nan mai ƙara in an ɓalle shi, wani injiniya ɗan Suwizalan ne George de Mestral ya gano shi tun 1941, bayan ya dawo daga daji ya tarar wata ƙaya mai kama da ƙarangiyarmu ta maƙale a wandonsa da gashin karensa, ya duba ta a madubin ƙara girma ya ga 'yan ƙugiyoyi. Teflon da ke hana abinci kamawa a kasko, 1938 aka gano shi a kamfanin DuPont, shekara 20 kafin a kafa NASA. Labarin nan kuma da ke yawo cewa Amurka ta kashe miliyoyi wajen ƙera biro mai rubutu a sama su kuma Rashawa suka ɗauki fensir, ƙarya ne. Wani ɗan kasuwa Paul Fisher ne ya yi biron da kuɗinsa, NASA ta saya, daga baya Sobiyet ɗin ma suka saya, don fensir in bakinsa ya karye ɓarɓashin yawo zai yi ta yi a cikin kumbo ya shiga ido ko ya shiga na'ura.

To me ya sa mutanen da ke da kuɗi da manyan masana haka suke gudun sabon abu? Saboda a can babu Farm Centre. In wayarka ta lalace ka kai gyara, in abu ya lalace a duniyar Mas shikenan, saƙo kansa yana ɗaukar tsakanin minti 3 zuwa 22 kafin ya isa, ya danganta da inda duniyoyin biyu suke. Ga kuma radiyeshan, wato wasu ƙananan ƙwayoyi masu tsananin gudu da ke fitowa daga rana da can cikin sararin samaniya, waɗanda mu a nan iska da maganaɗisun duniya suke yi mana garkuwa daga su. Guda ɗaya in ta bugi ƙwaƙwalwar kwamfuta tana iya juya sifili ya koma ɗaya, ko ta ƙona wajen ɗungurungum, kuma sababbin furosesa da komai nasu ya ƙanƙance sun fi saurin ruɗewa. Shi ya sa motar Perseverance da ta sauka a Mas ran 18 ga Fabrairu 2021, motar da ta ci sama da dala biliyan 2, furosesar da ke tuƙa ta mai suna RAD750 daga tsatson wadda ke cikin kwamfutar iMac ta 1998 take, gudunta bai wuce megahaz 200 ba. Wayar da ke aljihunka ta fi ta sauri nesa ba kusa ba. Amma an sake gina ta yadda radiyeshan ba zai ruɗa ta ba, ta yi aiki a kumbuna da yawa an ga halinta, kuma wannan sanin halin shi suke saya da tsada.

Har ma'auni NASA ta yi wa abin tun shekarun 1970, matakai ne da yanzu suka kai 9, daga tunani a kan takarda har zuwa abin da ya riga ya tashi ya yi aiki a sama. In na'urarka ba ta kai wajen mataki na 6 ba lokacin da ake tsayar da tsarin kumbo, ba za a yarda a jingina babbar tafiya a kanta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma tun da kumbo yakan ɗauki shekaru ana gina shi, abin da yake sabo ranar da aka zaɓe shi ya tsufa kafin ranar harbawa. Rokar SLS da ta tashi a Nuwamban 2022 a shirin Artemis na komawa wata, injinanta huɗu duk sun taɓa tashi a jiragen Space Shuttle, tsarinsu na shekarun 1970 ne, daga ma'ajiya aka ɗauko su aka gyara.

Kada dai a ɗauka tsohon kaya kullum lafiya ne. Ran 4 ga Yuni 1996 Turai ta harba sabuwar rokarta Ariane 5 karon farko, aka ɗauko manhajar sanin hanya ta Ariane 4 aka sa mata tun da ta daɗe tana aiki ba matsala. Sai dai sabuwar rokar ta fi tsohuwar gudu ta gefe a farkon tashi, wata lamba ta yi girman da ba za ta shiga gurbin da aka tanadar mata ba, kwamfutar ta tsaya, ta ajiya ita ma ta tsaya don manhaja ɗaya ce a cikinsu, cikin kusan daƙiƙa 40 roka ta karkace ta tarwatse da taurari huɗu a cikinta. Manhajar ba ta canza ba, rokar ce ta canza, kuma ba a gwada su tare yadda ya kamata ba.

Yanzu ga inda nake ganin zuciyar maganar take. Abin nan da masu gyaran waya ke kira IC, ɗan baƙin abu mai ƙafafu a jikin fanel, ba NASA ce ta ƙirƙiro shi ba. Jack Kilby a kamfanin Texas Instruments a 1958 da Robert Noyce a Fairchild a 1959 su suka yi. Amma da aka yi shi ba mai saye, ya yi tsada sosai, kuma masu ƙera rediyo da kwamfuta ba su yarda da shi ba tun da tsofaffin kayansu na yi musu aiki a kan araha. Sai ga shirin Apollo yana neman kwamfutar da za ta shiga cikin kumbo, alhali kwamfutocin lokacin ɗaki guda suke cinyewa. Injiniyoyin jami'ar MIT da aka ba aikin suka yi kasada suka zaɓi IC, kuma wannan na cikin 'yan lokutan da aka jingina rayukan mutane a kan sabon abu don ba wata hanya. A 1963 kusan kashi 60 cikin 100 na IC ɗin da ake ƙerawa a Amurka Apollo ne ke saye. Ba sayen kawai ba, in an kawo kaya sai an gwada, in an samu matsala a mayar da kason gaba ɗaya a ce a sake, dole masana'antun suka koyi yin abu iri ɗaya dubu-dubu ba tare da wani ya fita daban ba. Makamin soja na Minuteman shi ma ya shigo da oda mai yawa, farashi ya yi ta faɗuwa har 'yan kasuwa suka fara iya saye. Kwamfutar da ta sauke mutane a wata ran 20 ga Yuli 1969, shekarar da ciwon idon nan ya ɓulla a Ghana aka laƙaba masa Apolo, nauyinta kilo 32 ne, ma'ajiyarta ta aiki kusan kilobayit 4, hoto ɗaya a wayarka ya ninka wannan sau ɗaruruwa.

Abin da ya fi taɓa ni a labarin kwamfutar nan shi ne yadda aka zuba mata manhaja. Saƙa ta aka yi. Mata ne a masana'antar Raytheon, da yawansu daga aikin masaƙa suka fito, suke zaune da allura suna zura siririyar waya ta cikin wasu 'yan zobba na maganaɗisu, in wayar ta ratsa cikin zobe ɗaya kenan, in ta kewaye shi sifili, haka har a gama dubban umarnin da ƙungiyar su Margaret Hamilton suka rubuta, kuskure ɗaya sai an warware an sake. Rigar da Neil Armstrong ya sa a wata ita ma kamfanin da ke yin rigar mama na Playtex ne ya ɗinka ta, teloli mata suka haɗa yadi hawa 21 da keken ɗinki, ɗinkin da in ya kauce ko da kaurin bakin allura za a iya rasa rai. Duk sanda na wuce ta wajen masu aikin babbar riga da hannu suna bin zane ɗinki bayan ɗinki sai wannan ya faɗo min, sana'a ce da muka sani, abin da ya bambanta shi ne irin tsananin binciken da aka ɗora mata.

Sola ma labarinta kenan, kuma ita a kan rufin gidajenmu take. A 1954 aka yi fanel na silikon na farko mai amfani a cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka, yana mayar da kusan kashi 6 cikin 100 na hasken rana lantarki, amma tsadarsa ta sa ya zama abin kallo kawai, ba wanda zai kunna gida da shi. A sama kuwa lissafin daban ne, ba tashar wuta ba gidan mai, Sputnik na farko mako uku batirinsa ya yi ya mutu. Da aka harba Vanguard 1 a Maris 1958, ɗan tauraron da bai kai kilo 2 ba, aka manna masa 'yan ƙananan sola guda 6, ya yi ta aiko sigina har 1964. Daga nan kusan duk tauraron da za a harba sai da sola, kuma wannan kasuwar ce ta riƙe fasahar da rai tsawon shekaru ana ta inganta ta lokacin da ba mai buƙatarta a ƙasa. Arahar da muke gani yau kuwa, wadda ta sa mai shagon caji da mai famfon burtsatse suke iya saye, gaskiya wannan aikin tallafin da Jamus ta fara bayarwa ne daga shekarar 2000 da manyan masana'antun Sin. Don haka yaron da ya ce kayan Caina ne shi ma bai yi ƙarya ba, ƙarshen labarin ya kama.

Akwai kuma wuraren da ba abin saye a kasuwa, dole a ƙirƙira. Injin F-1 na rokar Saturn V da ta kai 'yan Apollo wata misali ne. Kananzir tatacce yake sha da iskar oksijin da aka sanyaya ta zama ruwa, ba wani baƙon mai ba, amma kowane inji cikin biyar ɗin yana cinye sama da tan 2 da rabi a daƙiƙa ɗaya, kuma a wannan girman wutar cikinsa sai ta kama rawa tana kaiwa da komowa har inji ya tarwatse cikin ƙiftawar ido. Ba littafin da za a buɗe a ga maganin. Injiniyoyin Rocketdyne da na NASA suka riƙa tayar da ɗan ƙaramin bam a cikin injin yana tsaka da aiki don su tayar da rawar da gangan, su canza ramukan fesa mai su sa shinge-shinge su sake gwadawa, gwaji kusan 2,000 kafin a samu tsarin da wutar ke lafawa da kanta. Madubin hangen nesa na James Webb da aka harba ran 25 ga Disamba 2021 shi ma sai da aka ƙirƙiro abubuwa da dama kafin ya yiwu, madubi mai faɗin mita 6.5 da aka naɗe aka buɗe shi a sama, da laima hawa biyar mai girman filin wasan tanis. Ka kuma ga sakamakon, ya yi shekaru masu yawa a makare ya ci kusan dala biliyan 10, wanda shi ne ainihin dalilin da ya sa masu riƙe da kuɗi ke tsoron kalmar sabo.

Kyamarar da aka ɗora min a hannu tana cikin wannan rukunin. A farkon shekarun 1990 aka matsa wa cibiyar JPL ta NASA ta ƙanƙantar da kumbunanta, kyamarorin lokacin kuma suna da girma suna shan wuta. Eric Fossum da ƙungiyarsa suka fito da idon kyamara na CMOS wanda ake ƙerawa da irin hanyar da ake ƙera sauran IC, komai a kan ɗan guntu ɗaya, ga ƙarancin shan wuta. A 1995 suka kafa kamfani suka fita da shi kasuwa, ya shiga kyamarar kwamfuta, ya shiga waya, kamfanonin Japan da Koriya suka zuba kuɗinsu suka kai shi inda yake yau. Wannan kam Baba ya ci.

Wani abin da ake mantawa, sau da yawa kayan tsoho ne amma wajen da aka ajiye shi ne sabo, kuma wannan kaɗai ya isa ya canza duniya. Tauraron hasashen yanayi na farko da ya yi nasara, TIROS-1 na 1960, kyamarar talabijin ce aka ɗaga sama ta leƙo gajimare. Tauraron sadarwa kamar eriya ce mai karɓa ta mayar, aka rataye ta kusan kilomita 36,000 a sama. Kuma ran 23 ga Agusta 1963 da shugabannin ƙasa biyu suka fara magana ta waya ta tauraron ɗan Adam, ta kan Syncom 2, a ɗaya ɓangaren John Kennedy ne, a ɗayan Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ta hanyar wani jirgin ruwan Amurka da ke tashar Legas. GPS da direba ke bi a Google Maps shi kuma na sojan Amurka ne ba na NASA ba, agogon atom ne da aka riga aka ƙirƙiro a ƙasa aka ɗora a taurari, tunanin kuma ya samo asali ne lokacin da wasu masana biyu a jami'ar Johns Hopkins suke sauraron ƙarar Sputnik suka gane za a iya sanin inda yake daga yadda sautin ke canzawa, sai aka juya lissafin, in ka san inda tauraro yake za ka san inda kai kake.

A 'yan shekarun nan ruwan ya juya, yanzu daga kasuwa fasaha ke hawa sama. Kamfanonin waya suna zuba kuɗin bincike da ba hukumar sararin samaniyar da za ta iya, don haka masu ƙera kumbo suka fara leƙa aljihunmu. Ka ɗauki Ingenuity, ɗan jirgi mai saukar ungulu da Perseverance ta goya zuwa Mas, kilo 1.8. Iskar can kusan kashi 1 cikin 100 ce ta kaurin tamu, dole jirgi ya zama marar nauyi kuma ya yi tunani da sauri, RAD750 ba za ta iya ba. Tun da gwaji ne kawai, ko ya faɗi babbar tafiyar ba ta lalace ba, sai aka ƙyale injiniyoyin suka sa furosesar Snapdragon 801, irin wadda ke cikin Samsung Galaxy S5 ta 2014, da batiran Sony na kasuwa, da kyamarar waya mai megafiksel 13, da na'urar auna tsayi ta Garmin da kowa zai iya oda ta intanet. An tsara ya tashi sau 5 ne. Ya fara ran 19 ga Afrilu 2021, ya tashi sau 72 kafin fikafikinsa ya karye a Janairun 2024. Ka lura idon kyamarar nan na CMOS da ya fita daga JPL ya je ya girma a cikin waya, shi ne ya dawo JPL ɗin suka saye shi a matsayin kayan kasuwa suka tura shi Mas.

SpaceX, kamfanin rokar nan ta Amurka da ake ta yi wa kirari, ita ma haka take. Dawo da rokar Falcon 9 ta sauka a tsaye a Disamban 2015 babban abu ne, ya karya farashin zuwa sama, amma wata rokar gwaji DC-X ta sauka a tsaye tun 1993, kuma tsarin fesa mai na injinsu Merlin daga injin saukar kumbon Apollo a wata aka gaje shi. Nasu shi ne nacin gwaji, a faɗi a fashe a sake, da haɗa abubuwan da ke warwatse su zama kasuwanci.

Wannan juyin shi ya buɗe wa ƙasashe irin namu ƙofa. Kamfanin Surrey na Ingila da ya fito daga jami'a ya yi suna ne wajen gina ƙananan taurari da kayan lantarki na kasuwa, kuma shi ya gina NigeriaSat-1 da aka harba daga Rasha a Satumban 2003, shekara huɗu bayan kafa hukumar sararin samaniya ta Najeriya NASRDA a 1999. A Agustan 2011 aka harba NigeriaSat-2 tare da NigeriaSat-X, shi na biyun injiniyoyin Najeriya sama da 20 ne suka haɗa shi da hannunsu a Surrey a matsayin koyon aiki. Ghana ma a 2017 ɗaliban jami'ar All Nations ta Koforidua sun haɗa GhanaSat-1, ɗan akwati mai santimita 10 kowane gefe. A ɗaya hannun kuma ga tauraron sadarwa NigComSat-1 da aka saya a gine daga Sin aka harba a Mayun 2007, ya samu matsalar sola ya mutu a Nuwamban 2008, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disamban 2011.

Duk sanda aka tashi kare kuɗin da ake kashewa a wannan fannin a wajenmu sai ka ji ana cewa ai binciken sama ne ya haifar da waya da kwamfuta, mu ma zai kawo mana fasaha. Wannan hujjar ke damuna, don IC bai yi araha saboda wani ya taka wata ba, ya yi araha ne saboda odar Apollo ta faɗa hannun masana'antun cikin gida, aka matsa musu, suka ƙware, suka juya suka sayar wa kowa. In ka sayi tauraro a gine daga waje za ka samu hoton gona da na ambaliya da layin sadarwa, kuma waɗannan amfani ne na gaske da bai kamata a raina ba, amma ƙwarewar tana can wajen wanda ya ƙera, zanen aro ba ya rufe katara. Shi ya sa ni NigeriaSat-X ya fi min daraja duk da ƙanƙantarsa.

Abin da nake so in ji 'yan majalisa suna tambaya ranar kare kasafin kuɗi shi ne, a tauraron da za a yi na gaba wane ɓangare za a ƙera a nan, wace jami'a ko wane kamfanin gida za a ba odar tsarin wutarsa ko manhajarsa ko eriyar tashar ƙasa, ina injiniyoyin nan da aka horar a Surrey suke yanzu kuma me suke ginawa, sannan wa zai zauna ya gwada kayan ya mayar wa mai shi in bai ci ba kamar yadda MIT ta riƙa yi wa masu IC. NigeriaSat-2 don shekara 7 aka gina shi, ya daɗe da wuce wa'adinsa. NigComSat-1R kuma na shekara 15 ne, daga Disamban 2011 ka ƙirga, 2026 kenan.